Kokwambar Babana a Fagge

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasar nan, kowa a unguwarmu ta Fagge yana da abin nunawa in ban da Babana. Wannan ya sayi babur, wancan ya rushe ɗakin ƙasa ya tayar da na bulo. Shi kuwa a lokacin ne aikinsa ya ƙare. Tun yana saurayi yake awon gyaɗa a sikelin wani kamfani. Sai aka yi fari, ciwo kuma ya faɗa wa gyaɗar, manoma suka daina kawowa. Wata rana aka tara ma'aikatan aka ce kowa ya koma gida, za a neme su. Har yau ba a neme su ba.

Ni kaɗai na rage a gaban iyayena, yayyena mata duk sun yi aure. Ina makarantar horon malamai, kullum nakan dawo in tarar da shi a soro, sanye da rigar da yake zuwa aiki da ita, yana kallon masu wucewa. Cefanen gida ya koma wuyan Baffa, ƙanensa, mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari, wanda kasuwa ta buɗe wa. Baffa bai taɓa yi mana gori ba. Kafin wani buhun shinkafa ya ƙare ya aiko da wani. Amma na lura in aka zubo wa Baba shinkafar, loma kaɗan zai yi ya ture kwanon.

Mutum ɗaya ne yake zuwa wurinsa, wani dattijo Ibo da ke zaune a Sabon Gari. Tare suka yi aikin gyaɗa, Baba yana awo shi yana rubutawa, shi ya sa kowa ke kiransa Akawu. Lokacin yaƙin basasa ya gudu Gabas, da aka gama ya dawo shi kaɗai, matarsa da 'ya'yansa sun mutu a can. Ran Lahadi in ya fito daga coci sai ya hau kekensa ya zo, su zauna. Ba su cika magana ba.

Wata Lahadi ya kwance bakin hankici ya nuna wa Baba wasu fararen 'ya'ya.

"Ai wannan gurji ne," in ji Baba.

"Ɗan'uwansa ne. Kokwamba sunansa. Yanzu otal-otal sun yi yawa, matan da ke sayar da kayan salak a kasuwarmu nemansa suke yi. Ni ɗaki ɗaya nake haya, ba ni da wurin shuka. Kai kana da fili."

Filin da yake nufi kangon ɗakin kakarmu ne da ya rushe, a bayan ɗakin Inna. Washegari Baba ya cire rigar aikin nan ya ɗauki fartanya. Ya kwashe fasassun tukwane da duwatsu, ya bi maƙwabta yana roƙon takin awaki, ya ja kunyoyin shuka. Ina ganin ranar ce ya cinye abincinsa tas.

Sai dai da bazara ya shuka, ruwa kuma shi ne abin da Fagge ba ta da shi. Gari ya cika da baƙi masu neman aiki, famfo sai ya yi kwana da kwanaki bai kawo ba, 'yan ga-ruwa kuma sun fi son kai wa masu gini. Inna ta koma tara ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kwanuka. Baba yakan yi alwala a gindin shukar don kada ko ɗigo ya tafi banza. Haka ta tsiro, ta yi yaɗo, ta fid da furanni ruwan ɗorawa. Sai furannin suka fara zubewa. Na dawo daga makaranta na same shi a tsugune yana tsince su a tafin hannu.

"Uwata," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "duba ki gani. Ita ma ta ƙi ni."

Da Akawu ya zo ya yi dariya, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce waɗannan mazan furanni ne, dama zubewa suke yi. Ya ɗaga ganye ya nuna mana wani fure mai ɗan kumburi a gindinsa kamar yatsan jariri, ya ce wannan ce mace, ita za ta haihu.

Ta haihu kuwa, amma 'ya'yan suka fito a lanƙwashe, kai da kauri, gindi a tsuke. Baba ya tsinko na farko ya wanke, ya yanka, ya miƙa wa Inna. Ta tauna, na ga fuskarta ta canza, ta daure ta haɗiye.

"Yaya kika ji?"

"Malam, da ɗan ɗaci."

Ba ɗan ɗaci ba ne, kamar maɗaci take. Akawu ya ce ƙishirwa ce ta jawo, yau ta sha gobe ba ta sha ba. Baba bai zubar da ko ɗaya ba. Yakan zauna ya barbaɗa gishiri ya ci abinsa, yana runtse ido.

Da damina ta sauka ya sake shukawa. Wannan karon ya kafa mata karan dawa ya ɗaure da igiya don ta hau, kada 'ya'yan su kwanta a laka su ruɓe. Da sassafe yakan bi ganye ɗaya bayan ɗaya yana tsince ƙwari yana yayyafa toka. Kangon ya koma kore shar, ƙudan zuma suka gano wurin. 'Ya'yan suka zo miƙaƙƙu, masu sheƙi, in ka gatsa ruwa ya cika maka baki. Ya cika kwando, Akawu ya ɗaure masa a bayan keke suka tura har kasuwar Sabon Gari. Da la'asar ya dawo da balangu a ƙunshe, ya ajiye a gaban Inna ya ce mu ci. Shi bai ci ba, kallonmu kawai yake yi. A duk shekarun nan, ranar kaɗai muka ci abin da hannunsa ya samo.

Ba a yi nisa ba Baffa ya zo wata ranar Juma'a. Ya zagaya lambun, ya yaba, har ya tsinki ɗaya ya ci. Sannan ya durƙusa.

"Yaya, wata magana ce ta kawo ni. Dilolin kaya na nan tafe daga Ikko, Kwari kuma babu wurin ajiya ko na sa ƙafa. Nake ganin in tayar da sito a kangon nan."

Gidan na gado ne, shi da Baba. Baba ya dubi lambun ya ce:

"Ba za a bari damina ta fita ba? Yanzu ta fara bayarwa."

"Wallahi Yaya da zai yiwu da na bari. Na riga na kama magina, siminti kuma in ka same shi yau ba ka da tabbacin gobe. Abin da lambun ke kawowa ni zan riƙa ba ka, har da ƙari."

"Ba komai. Yadda yake gidana haka yake gidanka."

Da ya tafi Inna ta ce, "Malam, me ya hana ka ce a'a?"

"Da wane bakin? Wanda nake cin shinkafarsa da shi?"

Bai bari leburori sun taɓa shukar ba. Kafin su iso ya shiga da kansa yana tumɓukewa, da furanninta da ƙananan 'ya'yanta. Na ce, "Baba, ku bari in taya ku." Ya ce in tafi makaranta kada in makara. Da na dawo na tarar an haƙa ramin tushe, awakin maƙwabta suna cin ganyen a ƙofar gida.

Siton ya tashi dogo, ya tare ranar da ke shigowa tsakar gidanmu. Akawu ya kawo tsofaffin garewani suka huda gindinsu, suka cika da ƙasa, suka sake gwadawa a jikin bango. Tsiron ya yi ta miƙewa siriri yana neman haske, ya yi rawaya, ya kwanta. Baba bai sake neman iri ba, Akawu ma bai sake kawowa ba.

Baffa ya ba Baba makullin siton, ya ce shi ne mai kula da shi. Ya yi hakan ne don ya mutunta shi, na sani. Amma abin da unguwa ta gani shi ne babban wa yana gadin kayan ƙanensa. In mota ta zo ya tashi ya buɗe, 'yan dako su yi ta shiga da fita suna cewa Baba a matsa. In sun tafi ya kulle ya koma ya zauna. Magana ta ragu a bakinsa har ta kai sai an tambaye shi yake amsawa.

Shekarar da na fara koyarwa ya faɗi a ƙofar siton, ɓarin jikinsa ya shanye. Bai daɗe yana jinya ba Allah ya yi masa rasuwa. Kullum Akawu yakan zo zaman makoki, ya zauna a gefen tabarma da hularsa a gwiwa, in an shafa fatiha ya sunkuyar da kai. Bayan an watse ya yi sallama da Inna daga bakin soro, ya ce zai koma Gabas, don yanzu ba shi da wanda zai je wurinsa a Kano. Inna ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya tura kekensa har bakin titi bai hau ba. Ban sake jin labarinsa ba.