Ludayin da na ƙwace a kasuwar Guci

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar uwata. Da fura ta raine ni, da fura ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, don sana'arta ke nan. Duk ranar kasuwar Guci tana nan gindin wani dogon-yaro da ƙwaryarta da ludaya, kusa da wata mai daddawa, nesa kaɗan da mahauta. In ka ga ta koma gida da ragowa, to, ruwan sama ne ya tashi kasuwa.

Ciwon ya same ni ne bayan na zama mushe, wato malamin makaranta, ina karantarwa a Dungas. Ciki ya kumbura kamar ganga, ya yi ta murɗa, in yi kwana uku ban zaga ba, sannan rana ɗaya in zaga sau biyar. Ina tsakiyar darasi sai gumi ya karyo mini, in ajiye alli in fita da sauri kamar an aiko kirana. Tsakanin Dungas da Guci babu kalgon da bai san ni ba. Mai kabu-kabun da ke ɗaukata a babur ya riga ya gane, in na taɓa kafaɗarsa sau biyu sai ya tsaya, ya juya fuskarsa gabas, ba ya tambaya.

Yayana ne ya kai ni wurin wani mai magani. Mutumin ya lallatsa cikina, ya girgiza kai ya ce, “Mushe, wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. A abinci aka ba ka, kuma na kusa ne.” Bai ambaci kowa ba. Irinsu ba sa ambata, su dai su jefa dutse cikin kasuwa. Yayana kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, kafin mu iso gida rabin gari ya ji.

Zan faɗi abin da na fi jin kunyarsa a duk wannan labari. Na lura duk ranar da na sha furar Gwaggo cikin ya fi tashi, kuma na yi mako guda ina kallonta da wani ido. Mako guda cur. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Da hutu ya zo na tafi Damagaram wurin wani likita. Aka ɗebi jini, aka duba bayan gida, aka haska cikin, ba a ga komai ba. Likitan ya ce babu gyambo, babu tsutsa, hanjina ne mai saurin fushi. Abin da wani zai ci ya kwana lafiya, nawa sai ya ɗauke shi faɗa, kuma damuwa tana ƙara tunzura shi. Ya ce ba ya kisa, ba ya kuma tafiya gaba ɗaya, zama da shi ake koyo. In riƙa cin kaɗan-kaɗan a kan lokaci, in sha ruwa, in yi tafiyar ƙafa, in rubuta abin da na ci a kaye, ɗan littafin rubutu, har in gano masu tayar da shi. In na ga jini ko na fara ramewa, in dawo maza. Na tambaye shi maganar sammu, ya ce shi dai a na'urarsa bai gani ba.

Cikin wata biyu na gano abokan gabana: wake, ɗanyar albasa, shayi mai kauri, sannan babbansu, nono. Gero bai yi mini komai ba. Na bar su, na sami sauƙin da na manta akwai shi a duniya.

Sai dai ban gaya wa kowa ba. Ni mushe guda, mai riga da guga, in tsaya ina yi wa mutane bayanin zawo da tusa? Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yi shiru. In na zo Guci Gwaggo ta miƙo ludayi, sai in ce na ƙoshi. A gaban jama'a nake faɗa, mako bayan mako, ina ganin dabara nake yi.

Wata rana na iso da la'asar na tarar da ƙwaryarta ko rabi ba ta yi ba, ga rana tas. Ta dama mini, ta ɗaga ludayin ta kurɓa tukuna, ta haɗiye ina kallo, sannan ta miƙo. Ba ta taɓa yin haka ba. Na ce na ƙoshi, ta mayar da ludayin cikin ƙwarya.

Da na tashi, mai daddawa ta biyo ni ta riƙe hannun rigata.

“Mushe, kai makaho ne ko kurma? Ana cewa ita ta ba ka. Ana cewa ga shi ɗan da ta raina ma ba ya shan furarta, wa zai sha? Wata biyar ke nan tana mayar da fura gida tana ba awaki.”

Ban taɓa jin fushi irin na wannan rana ba, kuma rabinsa da kaina nake yi. Mako ya zagayo na zo da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, na sa rigata mafi kyau. Na durƙusa gaban ƙwarya na ce, “Gwaggo, dama mini. Ki zuba nono da yawa.” Ta dube ni, ta dama, ta ɗaga ludayin za ta kai baki, na kama hannunta na ƙwace.

“Kada ki ƙara ɗanɗana mini komai, Gwaggo. Ba a gabana ba, ba a gaban kowa ba.”

Na miƙe da ludayin a hannu, na ɗaga muryar da nake tsawatar wa aji da ita. Na ce, “Jama'a, ga mushe zai sha fura, ku zo ku gani! Ciwona zawo ne da kumburin ciki, likita ya duba ni ciki da bai, babu sammu. Hanjina ne ba ya shiri da nono, ko na shanun wa. Yanzu zan sha, kuma na san kafin in kai Dungas sai na tsaya bayan kalgo sau uku. Wanda bai yarda ba ya hau babur ya biyo ni ya ƙirga!”

Mahauta suka fashe da dariya har ɗaya ya ajiye wuƙa. Wata tsohuwa ta rufe baki ta ce yaron nan ya sayar da kunya. Na ce, “Iya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Na sha ludayi huɗu a tsaye. Ashe na yi wa hanjina rowa a lissafi, sau huɗu muka tsaya a hanya, kuma na yi kwana biyu ina biyan abin da na sha. Ko sau ɗaya ban yi nadama ba.

Ba kowa ne ya dawo wurinta ba, akwai waɗanda har gobe sun fi yarda da mai magani, Allah ya bar su da shi. Amma an dawo. Wani mahauci ma ya ja ni gefe, yana waige-waige, ya ce shi ma shekara nawa yana fama, yaya ake yin rubutun nan na abinci? Yanzu in mutum ya miƙo mini abin da ba ya yi mini, ba na cewa na ƙoshi. Ina cewa cikina ba ya so, wanda zai yi dariya ya yi.

Da na koma mako na gaba, Gwaggo ta ware mini dunƙulen fura biyu, ta dama da ruwa zalla a ƙaramar ƙwarya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ɗan nan, in tambaye ka. Kai ma ka taɓa yarda?”

Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce, “Mako guda, Gwaggo.”

“Na sani,” in ji ta. “Na gani a idonka. Wannan na yafe tun a lokacin, ciwo ne ya sa ka. Abin da ya fi ci mini rai, ni na wanke maka kashi kana yaro, da hannun nan, amma kunyar kashi ta sa ka bar ni a bakin mutane wata biyar.”

Ta goge gindin ƙwaryar da gefen zanenta, ta sa ludayi a ciki, ta miƙo mini ba ta ɗanɗana ba.