Wakilai a Teburin Sinuka

A shekarar da soja suka koma bariki, muna da teburin sinuka a wata rumfa a Ƙofar Sauri. Wasan da muka fi so shi ne na rami ɗaya: kowane ɗan wasa raminsa guda ne, can kaɗai zai zura ƙwallo. Rabin gwanintar kuwa ita ce ka tura ƙwallayen nesa da ramin abokin karawarka. Saboda haka wasa ne mai cin lokaci, gasa kuma ta fi.

Da can wani tsohon saje ne ke yanke mana. In wasa ya yi tsawo sai ya ce ya isa, ya nuna wanda ya ci. Da farar hula suka hau, muka kaɗa ƙuri'a muka sauke shi. Daga nan gasarmu ta daina ƙarewa.

Malam mai rumfar, wanda a nan ake shimfiɗa masa tabarmin sallar magariba, ya yi mana kashedi na ƙarshe: in ladan ya sake kira da ƙwallo a kan tebur, tebur zai bar unguwa.

Ranar da za a gwada mu, wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin wani tela da surukinsa, wani Alhaji da ya yi ritaya daga gidan ruwa. Ba wanda ya hango wannan sai da suka ɗauki sanduna. Telan ya durƙusa ya yi gaisuwa har da tambayar gajiyar shekaranjiya. Da ya miƙe, sai ya shiga turo ƙwallaye bakin ramin Alhaji, ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye.

Alhaji ya gane. Ya sa sanda ya kore su.

"Mi kake yi haka? Sadaka na roƙa?"

"A'a, Baba. Hannu ne ya goce."

"Hannun da ke zura zare a allura?"

Aka ci gaba a haka. Wannan ba zai ci uban matarsa a bainar jama'a ba, wancan ba zai karɓi kyauta ba. Ƙwallaye suka yi ta kai da komo, ramuka suna hutawa. Inuwar rumfa ta tsallake kwata. Malam ya fito da butarsa, ya dubi rana, ya dube mu.

Saje na zaune a benci yana ɓare gyaɗa. Muka je neman agaji.

"Ai kun sauke ni," in ji shi. "Ku yi ƙuri'a."

Muka roƙa. Ya kakkaɓe riga, ya matso.

"Alhaji, ranar da ka ba wanga yaro ɗiyarka, kai ka yi magana da bakinka?"

"Ina fa. Waliyyi na sa."

"Shi fa?"

"Wakili ya turo."

"To, abin da ya ɗaura aure ai ya kashe wasa."

Alhaji ya miƙa sandarsa ga wani makanike. Telan ya ba wani direba tasa. Waɗannan biyu ba abin da ya haɗa su sai tsohuwar gardama kan gyaran mota. Direban ya share tebur kafin Malam ya wanke ƙafar hagu.

Kyautar gasar kuwa zakara ne mai rai. Aka danƙa wa telan, ya riƙe shi kamar garwashi, ya sake durƙusawa.

"Baba, a yi haƙuri. Ba da yawuna ba."

"Wakilinka ya iya," in ji Alhaji. "Nawa ne sakarai. Kai zakaran gida, ka ce mata a sa yaji sosai. Ina nan tafe bayan isha'i."

Muka ja tebur gefe, muka shimfiɗa tabarmi da hannunmu. Ladan ya kira, muna cikin sahu.