Kujerar da Aka Ba Ni a Gidanmu

A ƙarshen zamanin Turawa ni saurayi ne, ɗan dagacin wani ƙauye a ƙasar Roni. Na yi boko har Zariya, ba ni da hira sai ta tsarin mulki, da yadda za a rage ikon En'e a miƙa wa majalisun ƙauyuka. Da wani Bature mai bincike a kan haka ya nemi abokin zagaya Babura da Gwiwa, jiki na rawa na bi shi.

Duk garin da muka sauka, kujeru biyu ake ajiye mana a inuwa, dagatai su zauna a ƙasa muna yi musu tambayoyi. Na saba har na daina ganin abin. Da muka iso garinmu ma haka aka yi. Na haye kujera da takalmina, mahaifina ya zo ya tuɓe nasa, ya zauna a ƙasa a gabana, talakawansa na kallo. Na ce a raina ai aiki ne, in na sauka Baturen zai ga ƙauyancina. Na tambayi mahaifina ko zai yarda a raba ikonsa. Ya ce duk abin da masu ilmi suka gani daidai ne.

Bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi! Daga ranar dai ya daina kiran sunana, sai Malam. In na zo gida a fito mini da kujera a zaure, a kawo tuwona ni kaɗai, ina jiyo ƙannena suna ci a akushi ɗaya suna dariya. Na sha zamewa ƙasa, sai Baba ya miƙe tsaye ya ce ba zai zauna ba sai Malam ya koma mazauninsa. Kaɗaici ya ishe ni, na rage zuwa.

Ranar zaman makokinsa kowa na kan tabarma, ƙanena ya kinkimo kujerar nan, kansa a sunkuye, ya ce Baba ne ya bar wasiyya kada a bar ni a ƙasa.

Na tsufa ina koyar da inda ya kamata iko ya tsaya, ban san nawa matsayin ba ranar da ya dace. 'Yan boko, in aiki ya kai ku gaban iyayenku, ku sauka tun kafin su zauna. Ni na makara, wanda zai ce in sauko ya rasu.