Ɗana a Kan Igiya

Iyaye, ku daina gamsuwa da "ina aiki a cikin gari". Ku tambaya, wane aiki?

Jiya na shigo Abuja daga Kuje, ina jiran mota a gaban wani dogon bene da aka lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har sama. Can ƙoli na hango mutum rataye da igiya yana goge gilashin, iska na kaɗa shi. Na ce a raina, Allah sarki, ko uwarsa ta sani?

Da ya sauko ya cire hular kwano, sai ga Nasiru, ɗana na biyu, wanda ya yi wata bakwai yana ce min ofis yake zuwa.

Na ce, "Kai, ofishin ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, da na faɗa miki, da kin iya cin abinci?"

Sana'ar halal ce, ƙaryar ce ban yafe ba tukuna. Da ɗanku ne, za ku bar shi ya koma?

Ni dai na bar shi, amma na kafa doka: kafin ya hau ya kira ni, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya sake kirana.