Rami a Bakin Ragar Yaya Mamman

Bana shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana Mamman, mai tsaron raga, wanda mutanen garinmu suka fi sani da Mamman Gola. Allah ya jiƙansa, ya kyauta makwancinsa. Duk shekara idan watan da ya rasu ya kama, nakan tara 'yan'uwa a yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa tunanin rubuta wa jarida komai a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro a bana, kunya ce, kuma tun lokacin kaka kunyar ta ƙi sakina.

Abu biyu Yaya ya bari da ake tuna shi idan an gan su: filin ƙwallon garinmu da ɗansa Nasiru. Yau Nasiru yana cikin masu haƙa ramuka a filin nan suna neman kuza, don ya ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Ni ne ƙanin ubansa, a hannuna aka bar shi, kuma na daɗe ina ɓoye wa mutane sana'ar da yake yi.

Garinmu yana can cikin duwatsun ƙasar Doguwa, kuma kuza ce ta raya shi. Muna yara kamfanin haƙar ma'adinai yana aiki ba ji ba gani. Jiniya ce ke tashin gari da safe, ita ce kuma ke sallamar ma'aikata da yamma. Muna da wuta da ruwan famfo a lokacin da danginmu na ƙauye ke zuwa musamman don su ga ƙwan lantarki. In ka shiga kasuwa sai ka ji yare iri-iri, ga mutanen Jos, ga Barebari, ga Nufawa, ga 'yan kudu, kowa da Hausarsa mai karkata gefe guda. Mun ɗauka haka duniya take, haka kuma za ta dawwama.

Filin ba kamfani ne ya yi shi ba. Da can wurin kwazazzabai ne, ko jaki ba ya son bi. Leburori ne suka roƙa a bar musu yashin da aka riga aka wanke kuza aka zubar, suka riƙa ɗibarsa da kwanon sarki bayan an tashi aiki, suna cike wurin har ya baje sumul. Yaya yana saurayi a lokacin. Har ya bar duniya yana cewa kwanon sarkin nan ne ya cinye masa gashin tsakar ka, mu kuwa mun san sanƙo gadon gidanmu ne, don ga nawa kan nan shaida. Turakun raga bututun ruwa ne da mai walda ya haɗa, ragar kuwa wani Banufe ne ya saƙa ta da hannunsa.

Ranar Asabar da la'asar gari kan zama wayam, kowa yana fili. 'Yan rami su kara da 'yan inji, ko kuma a zo mana daga Tudun Wada ko Kiru cike da babbar mota, ana kiɗa ana kirari. Fulanin rugagen da ke kewaye su jingina da sandunansu a gefe, ba su san doka ba amma sun san wanda ya iya gudu. Yaya kuwa yana tsaye a raga, dogo, da hannaye kamar faifai da muryar da ake ji har bakin kasuwa. Ni ban gaji komai na ƙwallo ba. Sau ɗaya aka sa ni a baya, na share iska na faɗi zaune, aka yi wata guda ana yi mini dariya.

Mutuwar gari ba rana ɗaya take zuwa ba. Inji ɗaya ya tsaya aka ce ana jiran kayan gyara, sai na biyu ya bi shi, sai wata safiya muka farka da kanmu ba jiniya. Baƙi suka fara ɗaure kaya. Gidajen ma'aikata suka zama kango, kuma kwanon rufinsu ba aljanu ne suka kwashe ba, mu ne. Yaya ya koma noman masara, amma duk kaka sai ya kira gayya a nome ciyawar fili, a ja layi da toka, ko da yaran da za su buga ba su cika ƙungiya biyu ba. Bayan ransa an ɗan taɓa gayyar, daga nan kowa ya ce yana da abin yi. Ranar da 'yan gwangwan masu neman tsohon ƙarfe suka zo suka yanke turakun, da rana tsaka suka yi, duk unguwa ta ji ƙarar zarto, ba wanda ya leƙo.

Daga baya wani ya tuna cewa yashin da ke ƙarƙashin filin tsohon wanki ne, kuma wankin da bai kwashe kuzar duka ba. Dillalai suka zo da sikeli. Aka fara daga gefe kamar ana jin nauyi, aka gangaro tsakiya, har aka wuce yashin aka shiga ƙasar asali. Samari suna ciki da diga da shebur, mata suna bakin kwata da ƙwarya suna tacewa.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da zai ɗago ya ga wannan. Da can ina da tabbacin bulala zai ɗauka ya bi su har gida. Yanzu ban sani ba. Shi ma ai ɗan rami ne, ya san abin da ke sa namiji ya shiga ƙasa da ransa. Abin da na sani shi ne abin da ni na yi. Ina zaune a Tudun Wada ina sayar da masara, ban yi arziki ba amma ban rasa inda zan raɓa yaro ɗaya ba. Na taɓa kiran Nasiru na ce masa yana zubar da sunan ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa." Bai tambaye ni me zai yi in ya bari ba, ni ma ban gaya masa ba.

Da kakar nan sai ga baƙo daga Jos, wani tsoho da sanda, sunansa Baba Dung. Shi ne ɗan gaban ƙungiyar su Yaya, kuma amininsa. Kirista ne, amma kwano ɗaya suke ci, da Sallah yana gidanmu, da Kirsimeti muna gidansa muna cin shinkafa har mu kasa tashi. Labarin rasuwar ya daɗe bai kai gare shi ba, da ya kai kuma ciwo ya riƙe shi. Ya ce ya zo ya yi gaisuwa, ya ga fili, ya ga Nasiru, jinjirin da ya ɗauka ranar suna.

Mu a wurinmu baƙo ana tarbarsa da abin da ya fi kyau ne, a kawar da idonsa daga saura, kuma na iya wannan sosai. Na yanka masa kaza. Washegari muka shiga mota zuwa Doguwa, muka hau acaɓa zuwa gari. Na kai shi ya gaida mai unguwa, na kai shi bakin maƙabarta ya cire hula ya yi addu'arsa, na zagaya da shi tsohon gidan inji. Duk lokacin da ya ambaci fili sai in ce rana ta yi zafi, a bari a ci abinci tukuna. Da ya tambayi Nasiru, ban ko yi inda-inda ba, na ce ya tafi Kano harkar kasuwanci, sai wani satin zai dawo.

Bayan na idar da sallar la'asar na fito na tarar ya miƙe. Ya ce, "Ƙanin Mamman, ƙafata ta san hanya. In ka gaji, zauna." Ba yadda na iya, na bi bayansa.

Ya tsaya a bakin wurin yana kallo. Tsibin jar ƙasa ko'ina, ramuka wasu da ruwa a ciki, igiyoyi da gugogi, ba ko tafin hannu na ciyawa. Sai ya fara ratsawa tsakanin ramukan yana dogara sanda, yana duban dutsen gabas, har ya tsaya ya ce a nan ragar Mamman take. Rami ne a gabansa. Na san na wane ne, don na sha hango shi daga nesa in canza hanya. Ya leƙa ya yi sallama, aka amsa daga ƙasa, igiya ta motsa.

Nasiru ya fito taɓo har wuya. Da ya gan ni ya durƙusa ya ce, "Baffa, sannu da zuwa." Tsohon ya ƙura masa ido, ya dubi tsayin, ya dubi hannayen. Ya ce, "Kai ne Nasiru? Ai an ce mini kana Kano."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nasiru ya ɗan saci kallona sau ɗaya, ya mai da kansa ƙasa. Ya ce, "Haka ne, Baba. Jiya da yamma na dawo, ban samu na sanar da Baffa ba. Laifina ne."

Baba Dung ya rungume shi da taɓon da komai, farar rigarsa ta ɓaci, yana kuka yana sa masa albarka. Bai tambaye shi dalilin haƙa filin ba. Ya dai tambayi sunayen 'ya'yansa, ya ce ya kula da bangon ramin don ƙasar ta sha ruwa. Da muka juya, Nasiru ya raka mu har bakin hanya, sannan ya koma aikinsa.

A hanya tsohon bai dube ni ba. Can sai ya ce, "Haka ubansa yake. In ɗan baya ya yi kwaɓa aka ci mu, Mamman ne zai ɗaga hannu ya ce laifinsa ne, don kada 'yan kallo su zagi yaron." Daga nan muka iso tasha.

Fili ya tafi, kuma ba na jin zai dawo. Kamfani ma haka, da jiniyarsa da wutarsa. Na yi shekaru ina zaton abin da ya saura na Yaya shi ne wannan wuri, ina jin haushin yaron da ke haƙa shi, ashe abin da ya saura yana cikin ramin, yana durƙusa mini, yana rufa mini asirin da ni ban rufa masa ba. Na je na same shi bayan tafiyar baƙon, na ce ya zo mu yi maganar rumbun masara, ko zai kama sana'ar tare da ni. Ban san ko zai karɓa ba, kuma in ya ƙi ba ni da bakin magana.

Amma akwai abin da zan iya gyarawa yau, a gaban duk mai karanta wannan shafi, har da Baba Dung in wani ya karanta masa. Nasiru ɗan Mamman Gola ɗana ne. Haƙar kuza yake yi, a filin ubansa yake haƙa, da guminsa yake ci da iyalinsa. Bai je Kano ba, ni na yi ƙarya.