Malama Afiniki da Gawar da Kowa Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

Ƙarfe bakwai da rabi za ka ji ƙarar tsohon babur ɗinta a ƙofar makarantar horar da fastoci da ke hanyar Kagoma. Ta sauka, ta karkaɗe zani, ta shiga aji da alli a jaka. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ran Asabar ɗin nan Malama Afiniki za ta yi ritaya. Ni ɗalibinta ne, yau kuwa sai na yi magana!

Tarihin tunanin Ikilisiya take koyarwa, darasin da kowa ke gudu. Ranar farko ta nuna ni da alli. "Kai mai hamma, wa ya gaya maka zalunci laifi ne kafin ka iya karatu?" Ta ce masanan Girka na dā sun lura akwai dokar da ba sarki ya kafa ba, ba ya kuma iya soke ta. Kiristocin farko suka ce ai Allah ne ya rubuta ta a zuciyar kowane mutum, har wanda bai taɓa jin wa'azi ba. Muka kwafa don jarrabawa kawai.

Muna aji uku wani baƙo ya faɗo daga motar doya a mararraba, ya rasu. Ba takarda, ba waya. Hukuma ta gama bincike ta ce a binne. Dattawan coci suka ce ba su san ko an yi masa baftisma ba. Mutanen masallaci suka ce ba su san ko yana salla ba. Kwana biyu gawa na kwance a bayan wani ƙaramin asibiti, har masu wucewa sun fara toshe hanci.

Malama ta rufe littafi a tsakiyar darasi. "Ku ɗauko fartanya da shebur."

Ta wuce rumfar Alhaji Jibir mai sayen citta. "Alhaji, ba naku ba ne, ba namu ba ne. To na waye?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Wallahi Malama, tun jiya abinci ya ƙi shiga. Amma ina ƙasar da za a binne shi?"

"Gonata."

Wani dattijo ya tare ta, wai ba mai ƙara cin abin da gonar ta bayar. Ta ce, "Baba, ni zan ci." Alhaji ya kawo likkafani, mu muka haƙa, kowa ya yi addu'arsa a gefensa. Kai, ban taɓa yin gumi mai daɗi irin na ranar ba!

Ke ce, Malama, mai alli da shebur. Ke kika fitar da darasin nan daga allo kika kai mu gona da shi.

Bayan wata huɗu wata tsohuwa ta zo daga Kagarko da hoton ɗanta, ashe shi ne baƙon nan. Abu ɗaya ta tambaya: "An rufe min shi kamar mutum?" Malama ta kama hannunta ta kai ta wurin.

Mun gode, Mama, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, in mun ga mutum a yashe, mu fara ɗaga shi. Tambayar ko na waye ta jira.