Ranar da Bulo Ya Fashe a Ƙarƙashin Motata

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku tun damina, kuma na ga saƙonninku. Har da masu cewa muƙami na samu na daina kula talakawa. Ba muƙami ba ne, jama'a, gadon asibiti ne, kuma saura ƙiris in baro ƙafata ta dama a can.

Wata Asabar da hantsi na ce bari in juya tayoyin motata, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, don na gaban sun fi cinyewa. Aiki ne da na saba yi a ƙofar gidanmu a Ɗan Iya. Kun dai san halina, ba na son a yi mini abin da hannuna zai iya.

Jak ɗaya gare ni, ga shi ina son cire taya biyu lokaci guda. Sai na yi abin da kowa ke yi. Na ɗaga baya, na jera bulon siminti biyu a ƙarƙashi, na zare jak ɗin na kai gaba. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, bulon ma ya jiƙe. Na gani, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Na gangaro da tayar gaba zuwa baya, na zauna a ƙasa, na zura ƙafafuna ƙarƙashin motar don in tallafo tayar da su in saita ramukan noti. Ƙara kawai na ji kamar an taka tsohuwar ƙwarya. Bulon ya ruguje, motar ta sauko a kan ƙaurina.

Maiɗakina Hajara ce ta fito tana salati, maƙwabta suka taru suna shirin jawo ni. Maƙwabcinmu Oga Yohanna, tsohon soja da ya gama aiki a barikin Shadawanka, shi ya dakatar da su.

"Kar kowa ya ja shi. Mota ne za mu ɗaga, ba mutum ba."

Ya ɗora jak ɗinsa a kan katako ya ɗaga, sannan suka zare ni. Shi ya kai ni asibiti.

Hoto ya nuna ƙasusuwan ƙaurin biyu sun karye. Likita ya daɗe yana danna ƙafar, sannan ya ce, "Malam, karayar ba ta dame ni ba kamar kumburin nan. Idan jini ya daina isa yatsu, za mu yi maganar da ba ka so."

Na gane maganar, kuma na tsorata.

Da yamma yayana Musa ya zo. Ya ce, "A sallame shi mu kai shi wajen mai ɗori a hanyar Gubi. Mutanen nan ba abin da suka sani sai yanka." Wallahi na kusa yarda, don yankan nake tsoro.

Hajara, wadda ban taɓa jin ta musa masa ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Mai ɗori ƙashi yake gyarawa, wannan kuma jini ne ba ya wucewa. A bar shi a nan."

Aka bar ni. Aka shiga da ni tiyata, suka tsaga ƙaurin don kumburin ya samu hanya, suka kafa mini ƙarafa ta waje kamar eriyar talabijin.

Daga nan sai zaman jira. Kullum da safe wankin ciwo, wanda ba na yi wa maƙiyina fatansa. Bayan shi nas ta danna farcen babban yatsana ta ga ko jini zai dawo, ta ce, "Motsa mini shi." In yi ta ƙoƙari har gumi, yatsa ko gezau. Mutumin gadon kusa da ni bargon da ya rufa da shi a shafe yake daga gwiwa zuwa ƙasa, babu ƙafa a wurin. Na daina kallon wajen.

Kuɗi kam sun tafi: ƙarafa, jini, allurai, hoto bayan hoto. Mai facin da na guje wa biya ladan juyin taya, da ya ji sai ya yi mini dariya.

Wata safiya yatsan ya motsa, ɗan kaɗan. Nas ta ce in sake, na sake. Hajara ta fita waje, sai daga baya na gane kuka ta je yi.

Sai sanduna, sai gashin ƙashi, sai koyon tafiya kamar yaro.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Oga Yohanna, da Yaya Musa da ya kwana a kan benci saboda ni, da Hajara.

Ga abin da nake roƙonku. Bulo na gini ne, kada ku ɗora masa mota. Jak kuma ɗagawa yake yi, ba a ba shi amanar riƙo. Ku sayi ƙafar ƙarfen da kanikawa ke tokare mota da ita. In babu, ku yi juyin da tayar safaya, taya ɗaya bayan ɗaya, kada biyu su fita tare. Ku nemi wuri mai tauri da ya daidaita, ku ja birkin hannu, ku sa giya, ku tokare sauran tayoyin da katako. Tayar da kuka cire ku kwantar da ita ƙarƙashin motar. Kuma ko da wasa kada hannu ko ƙafa su shiga inda mota za ta iya saukowa.

Juma'ar da ta wuce na taka zuwa masallaci ba sanda. A zaman tahiya ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, sai na miƙe ta gefe, kuma likita ya ce haka za ta zauna. Da aka sallame salla na fito na nemi takalmana, na saka duka biyun.